Ranar da Goggo Ta Cika Mini Flas da Kunu

Ko da zan manta da duk abin da na gani a shekarun da na yi ina aiki, ba na jin akwai ranar da zan manta da safiyar da na buɗe flas ɗin aikinmu a ƙofar gidan Goggo, tururin kunun tsamiya ya bugi fuskata. Har yau in na ji ƙanshin tsamiya a kan wuta sai gabana ya ɗan faɗi, daga baya kuma in kama dariya ni kaɗai, har a tambaye ni ko lafiya.

Abin ya faru ne a shekarun da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan, lokacin mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa muna cikin Jihar Kano, ba a ko fara zancen Jigawa ba. Ina aiki a wani ɗakin binciken dabbobi a Kano, ƙarƙashin wani likitan dabbobi da ya dawo daga karatu a Turai da kayan aiki cike da akwatuna. Aikin namu, in ka faɗa wa mutum sai ya sake dubanka. A jikin kowace tunkiya, gefen mahaifa, akwai wasu 'yan tsoka guda biyu, kowace ba ta fi ƙwayar gurjiya ba. Mu muna ce musu gidan ƙwai, don a cikinsu ƙwayayen haihuwa suke, ɗanyu, ido ba ya ganinsu. In aka yanka tunkiya, ƙwayayen nan ba sa mutuwa nan take. In aka yi hanzari aka cire gidan ƙwan, aka sa a ruwan gishiri mai ɗumin jiki, aka kai ɗakin bincike kafin rana ta yi nisa, ana iya zuƙo su da allura, a sa su a wani ruwa na musamman cikin akwatin ɗumi, su kwana su nuna kamar yadda za su nuna a cikin uwarsu. Daga nan sai a dasa su a jikin wata tunkiyar da rago ya hau, ita ta ɗauki cikin. Sau da yawa ba a dacewa, jifa-jifa ake samu. Sanyi yana raunana ƙwayayen, amma zafi shi ne babban abokin gaba, don dafa su yake yi, shi ke nan an gama.

Ni ce mai zuwa mayanka kullum da safe da flas mai faɗin baki. A cikinsa akwai ruwa mai ɗumi, a cikin ruwan kuma 'yar kwalba ta ruwan gishiri. Mahauta sun saba da ni har suna tsokanata, wai wace irin miya nake yi da abin da ko ungulu sai ta yi shawara kafin ta ɗauka. Ni kuwa da ma ba ni da haƙurin barin magana ta kwana, nakan ba su amsa daidai da su in wuce.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni tun daga yaye, ta riƙe ni a wani ƙauye kusa da Gwiwa har na tafi makarantar kwana. Ba ta da 'ya mace sai ni. Tana da wata tunkiya Uda, irin masu dogon kunne, gaba ja baya fari, da ɗan ɗigon fari a bakin kunnen hagu. Asalin irin daga wajen Babura kakarmu ta zo da shi lokacin aurenta, kuma tagwaye suke haihuwa. A gidanmu al'ada ce, in 'ya ta yi haihuwar fari ta dawo gida wanka, ba za ta koma ɗakinta ba sai da 'yar tunkiya daga wannan iri. Haka kaka ta yi wa Goggo, haka Goggo ta ƙudura za ta yi mini. Sai babban farin nan ya zo ya share garken, ya bar tunkiya ɗaya tal. Ita ma bayan farin raguna ta yi ta zubawa, suna tafiya layya da sunan 'ya'yan dangi. Ni kuma na yi aure, shekaru suna ta wucewa, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Goggo ba ta taɓa yi mini maganar ba ko sau ɗaya. Tunkiyar dai ta ƙi sayarwa, tana ta tsufa a turke, kowa a gidan ya san wa take jira, ni ma na sani, kuma abin yana ci mini rai.

Wata rana da kaka, wani ɗan garinmu mai kawo fatu Kano ya biyo ta gidana da saƙo. Tunkiyar Goggo ta faɗa ramin da aka haƙi ƙasar gini, ƙugunta ya karye, ba ta iya tashi. Baffa, ƙanen mahaifina, yana so a yanka ta kafin ta zama mushe, Goggo kuma ta zauna kusa da ita tana ba ta dusa a tafin hannu, ta hana kowa kusantarta da wuƙa. Na je na sami Likita na faɗa masa. Ya ce tunkiyar ta tsufa, hanyar kuma da nisa, kada in sa rai. Sai kuma ya miƙo mini flas ɗin da kansa ya ce in gwada. Na daidaita tafiyata yadda yankan zai faɗo safiyar kasuwar Gwiwa, don ran nan ne kawai ake da tabbacin samun mota.

Da na isa da la'asar, na zauna na yi wa Goggo bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa da tsinke. Na ce mata za a yanka tunkiyar, amma zan cire wani abu a cikinta in tafi da shi Kano, in Allah ya yarda wata tunkiyar ta haifa mata 'yarta. Tana ta tsinke zogale tana saurarona, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ɗago ta dube ni, ta dubi jikina, ta mai da kanta ga faranti.

"Wato abin da ke sa ta tagwaye za ki ɗauka," in ji ta.

Na ce ƙwarai kuwa, ashe ta gane.

"Na gane," ta ce. "Allah ya sa a dace, 'yar nan. A yanka."

Na yi mamakin yadda ta sauko da sauri haka, har na riƙa yaba wa kaina iya bayani. Da na san abin da ta gane, da ban yi wannan alfahari ba.

Da safe Baffa ya yanka ta a bayan gida. Goggo ba ta fito ba. A garinmu mace ba ta zuwa wurin fiɗa, sai an gama a aiko mata da kayan ciki a ƙwarya ta wanke. Ni kuwa ba ni da lokacin jiran ƙwarya. Ana farka cikin na durƙusa tsakiyar maza da ɗan almakashina, na ce Baffa ya ɗaga mini mahaifar. Bawan Allah nan ya kau da kai kamar an kama shi da laifi, ya ɗaga yana duban katanga yana salati. Maƙwabtan da suka zo taya fiɗa kowa ya sami abin kallo a sama. Na yanko 'yan tsokar biyu, na jefa a kwalba, na toshe bakin, na sa a flas, na auna ɗumin ruwan na ga ya yi daidai, na rufe. Na kai ɗakin Goggo na ajiye kusa da jakata, na ce kada kowa ya taɓa.

Da son raina ne, daga nan sai tasha. Amma wa ya isa ya kwana a garinsu ya fita bai yi sallama ba? Akwai tsohuwar da ta yanke mini cibiya, akwai matar liman da ke kwance ba lafiya, akwai gidan da aka yi rasuwa ban zo gaisuwa ba. Na shiga nan na fita can a gurguje, ana ta riƙe ni da tambayar mutanen Kano. Da na dawo na tarar an fito mini da kayana ƙofar gida. Baffa da maƙwabta suna zaune a tabarma ana kasa nama, Goggo tana tsaye a bakin zaure da mayafinta, ga ƙullin kuka da daddawa, ga flas a hannunta. Ta miƙo mini. Ina karɓa na ji ya yi nauyi, murfin kuma da ɗumi.

Na buɗe. Tururi ya taso. Kunun tsamiya ne cike har baki, mai kauri, irin wanda na fi so tun ina yarinya.

"Na ji ruwan naki ya huce," in ji Goggo, hankalinta kwance. "Baƙo ba ya fita gidana da flas ɗin ruwan sanyi."

Gaskiya ne kuma. A wancan zamani flas abin ji da kai ne, ba kowane gida ke da shi ba, kuma abin kunya ne baƙo ya zo da nasa ya koma ba a cika masa da wani abu mai zafi ba. Na san da wannan sarai, a gidan na tashi. Amma a lokacin ba al'ada nake gani ba. Na zura yatsa cikin kunun ina laluben kwalba, ya ƙone ni, ban ji komai a ciki ba.

"Goggo, ina kwalbar da ke ciki?"

Ta dubi mazan da ke tabarma, ta dube ni. "Wace kwalba kuma? Ba a wannan maganar a nan."

Na sake tambaya. Ta ce ruwan dai ta zubar a gindin zogale. Ban tsaya jin sauran ba, na faɗa cikin gida. Ga jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin zogale, ga kaji sun taru suna tono. Na kore su, na durƙusa da kayan fitata ina tona ƙasa da hannu, ina duba bayan randa, ina leƙa tukunyar da aka ɗora kayan ciki. Har wata kaza na bi da gudu don na ga wani abu ja a bakinta, ashe ɓawon tattasai ne. Ina jin Baffa daga waje yana cewa boko dai bai bar kowa lafiya ba.

Nan na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Ba aikin ofis nake yi wa kuka ba. Tunkiyar da aka yi shekaru ana tsare mini tana can an kasa ta a kan fata, ni na sa aka yanka ta, abin da ya rage na irin kakarmu kuma ya bi ruwa saboda kunu. Na ji haushin Goggo irin wanda ban taɓa ji ba. Maganganu suka cika mini baki, munana, kuma Allah ya sani saura kaɗan su fito. Abin da ya riƙe ni kawai shi ne ban taɓa ɗaga mata murya ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Ta shigo ta tsaya a kaina. Ba ta rarrashe ni ba. Cewa ta yi in tashi in karkaɗe zanena, mota ba ta jira, za ta raka ni.

Muka fito. Ita a gaba da ƙullin kuka a ka, ni a baya rungume da flas ɗin kunu, ko kallonta ba na son yi. Muka wuce masu kasa nama, muka wuce rijiya inda mata ke ta yi mini Allah ya kiyaye hanya, ina amsawa da ka. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rakiya ba tafiya ce kawai ba. Maganar da uwa ba za ta iya yi wa 'yarta a cikin gida ba, a ƙarshen rakiya ake yin ta, inda gidaje suka ƙare. Ni ran nan baƙin ciki ya mantar da ni wannan. Sai da muka kai gindin wata kanya a bakin gonaki, ta waiga gabas da yamma ta ga ba kowa, sannan ta sauke ƙullin. Ta sa hannu ƙarƙashin rigarta, ta kwance wani tsumma da ta ɗaura a cikinta, ta warware. Ga kwalbata, a toshe yadda na bar ta, 'yan tsokar biyu suna lilo a ruwan gishirinsu.

Na karɓa. Da ɗuminta, ɗumin jikin mutum, daidai abin da ake so.

"Ke ba ki da wayo," in ji Goggo a hankali. "Ana yawo da maganin haihuwa a flas, kowa ya buɗe ya sa masa ido? Har kina tambayata a gaban maza. Na ji zancen tunkiyar Kano da kika shirya mini, ban ce komai ba, na san kunya ce. Ba a jin kunyar neman haihuwa, 'yar nan. Ki yi yadda likitan naku ya ce, ki yi bisimilla. Da ma taki ce, ke take jira."

Sai a lokacin na gane abin da ta gane jiya. Duk zanen da na yi a ƙasa, ita ta ɗauka lulluɓi ne. A ganinta 'yarta ce ta gaji da jira, ta zo neman abin da ke sa tunkiya tagwaye don ta yi magani da shi, shi ya sa ta yarda a yanka ba gardama. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ga idonta ya kawo ruwa, matar da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a ranar da aka kai ni ɗakin miji. Na rufe bakina. Kuka da dariya suka haɗu mini wuri ɗaya, na durƙusa na ce na gode, Allah ya saka da alheri.

Saura matsala ɗaya. Flas ya cika da kunu mai zafi, ba ruwan ɗumi a bakin gona. Goggo ta warware wannan ba tare da ta san matsala ce ba, don ita da kanta ta ɗaura mini tsumman a cikina, ƙarƙashin riga, ta ja ta ƙulle tamau, ta ce kada in kwance sai na isa.

Haka na yi tafiyar nan. Motar da na samu a Gwiwa ta ratsa ta wajen Roni ɗaukar buhunan gyaɗa, ina zaune ina ƙuna a rai, ina duban rana. A Kazaure na sauya mota. Duk ramin da muka faɗa sai in dafe cikina da hannu biyu, har wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce wa direba ya tafi a hankali, akwai mai juna biyu. Ban musa mata ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka faɗi haka a kaina, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo. Kunun kuwa mu da ita muka shanye shi a murfin flas, kuma har yau ban sha wanda ya kai shi ba.

Na isa wurin aiki bayan azahar. Likita ya karɓi flas ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni. Na juya baya na kwanto kwalbar na miƙa masa. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in wanke hannu. Muka wanke gidan ƙwan, ya zuƙo abin da ke ciki da allura, muka duba a madubin da ke girmama abu. Ba su da yawa, tsohuwa ce, amma akwai 'yan kaɗan masu kyau. Muka sa su a ruwansu, muka rufe akwatin ɗumi. Washegari na riga kowa zuwa. Alamar ƙwai ya nuna ita ce 'yan ƙwayoyin da ke kewaye da shi su saki jiki su baje, kamar audugar da aka shiɓa. Na sa ido a madubin, na ga sun baje. Na ja kujera na zauna. Numfashin da na sauke a wurin, ina jin tun gindin zogale nake riƙe da shi.

Aka dasa su a jikin wata farar tunkiya 'yar ƙasa da ragon Uda ya hau, bayan Likita ya yi dabarar da nata ƙwan ba zai shiga ciki ba. Wajen wata biyar muna kallonta kamar mu haɗiye ta. Ta haifi ɗaya, mace, gaba ja baya fari. Da aka yaye ta, aka gama aune-aunen da za a yi, Likita ya ce in kai wa mai ita.

Goggo tana tankaɗe na shiga da ita a igiya. Ta ajiye rariya. Ta kama kan 'yar tunkiyar, ta juya kunnen hagu, ta ga ɗigon farin. Ta riƙa shafa kunnen da babban yatsa. Can ta ɗago.

"Ashe da gaske tunkiya kike nufi," ta ce. Sai kuma ta haɗe rai. "To ke fa? Kika ba dabba maganinki?"

Sai bayan wasu shekaru Allah ya ba ni 'ya mace, ita kaɗai ce kuma, ta ishe ni godiya. Na je gida wanka, ran da zan koma ɗakina Goggo ta rako ni har gindin kanyar nan da 'yar tunkiya Uda a igiya, jikar waccan da aka yanka. Har ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya isa ya raba ta da cewa kwalbar da ta ɗaura mini a ciki ce ta yi aiki, jinkiri kawai ta yi. Na bar mata a haka.

Abin da ran nan ya koya mini bai da yawa, amma ya yi mini amfani har tsufana. In wanda ka san yana ƙaunarka ya yi maka abin da ka ga kamar ɓarna ce, kada ka yanke masa hukunci a ƙofar gida, cikin mutane, da zafin rai. Ka riƙe bakinka, ka bi shi har ƙarshen rakiya. Da na faɗi abin da ke bakina a gindin zogale, da kwalbar dai zan same ta, amma da ban sake iya haɗa ido da Goggo ba.